Cinikin Biri A Sama

Ran Talatar makon jiya wani ɗan'uwanmu tela ya shigo ofishinmu riƙe da 'yar takarda, ya ce a taimake shi a karanta masa abin da ke rubuce a gindinta. Rasit ne na wani ƙaramin janareta da ya saya da kuɗin adashinsa na wata shida, don ya riƙa samun ɗinkin dare in an ɗauke wuta. Mai kanti ya gaya masa ɗan Beljiyam ne, tun da aka ƙera shi makaniki bai taɓa sa masa sifana ba. Aka ja igiya ya tashi, aka yi ciniki, aka sallama. Kwana tara tsakani sai ya yi hayaƙi ya mutu. Da mai gyara ya buɗe, sai ya tarar koyil ya taɓa ƙonewa an sake naɗa shi da wayar banza, ga kuma tsaga a jikin injin an toshe da gam an bi da fenti. Tela ya ɗauka ya mayar. Mai kanti ko tashi bai yi ba daga bencinsa, sai ya nuna masa Turancin da ke ƙasan rasit. Abin da Turancin ya ce shi ne, kayan da aka fita da shi ba ya dawowa, kuɗin da aka biya kuma ba a mayarwa.

Ba za mu faɗi sunan kantin ba, gama ba shi kaɗai ke yi ba, kuma kowa ya karanta wannan ya san wani nasa da aka yi wa irin haka. Abin da muka gaya wa tela shi za mu gaya wa jama'a duka: wannan rubutu na ƙasan rasit ba shi da ƙarfi ko na anini a kan aibin da aka ɓoye, ko a shari'ar Musulunci, ko a dokar Nijeriya. Wanda ya sayar da tsohon kaya tilas ne ya faɗi cewa tsoho ne, ya faɗi aibin da ya sani, in kuwa ya ɓoye tilas ne ya karɓi abinsa ya mayar da kuɗi.

Dalilin da ya sa muka ɗauki maganar nan da nauyi, kayan hannu shi ne kayan talaka. Mai hali ya kan shiga babban kanti ya sayi sabo dal da takardar garanti. Mu kuwa rigar 'ya'yanmu daga Ƙofar Wambai ta ke fitowa, wayar hannunmu daga kasuwar waya ta Farm Centre, kayan gyaran mota daga Ƙofar Ruwa, ko daga Panteka in a Kaduna mutum ya ke. Tun daga 2023, da aka janye tallafin mai darajar naira kuma ta faɗi, har waɗanda dā su ke sayen sabo sun gangaro layin 'yan gwanjo. Wanda ke sayen na hannu kuwa galibi ba shi da kuɗin saye na biyu in na fari ya mutu. Ashe in aka cuce shi a nan, jarinsa ne aka kashe.

Kada 'yan kasuwa su ce mun tasam ma sana'arsu. Sayar da tsohon kaya sana'a ce ta halal, tana rufa asirin mai saye da mai sayarwa, kuma da yawa daga cikin masu karanta jaridar nan da ita su ke ci da iyali. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, ba ya kuwa komawa ya yi faɗa da mai rariya, domin ya ga hujin da idonsa. Rigimarmu da wanda zai liƙe hujin rariya da ƙullu ne ya ce ƙwarya ce.

Bari mu rarrabe kayan nan, gama a nan algus ke shiga. Akwai na hannu zalla, watau an yi amfani da shi amma ba a taɓa cikinsa ba. Akwai na kwaskwarima, watau ya lalace an buɗe an gyara, an sake wasu sassa. Waɗannan biyu ba kuɗinsu ɗaya ba, ba kuma ƙarkonsu ɗaya ba. Ha'incin da ya fi yawa shi ne a ɗauki na kwaskwarima a sayar da sunan na hannu zalla, ko ma a goge shi a sa a sabon kwali a ce sabo ne. Waya an sake mata gilashi da batir na jabu, a ce 'yar Landan ce ba a taɓa kwance ta ba. Mota ruwan ambaliya ya ci ta a Amurka, ko ta yi mummunan hatsari, an buga an fesa fenti, an kuma mai da agogon da ke ƙidaya nisan tafiyarta baya. Firji an sa masa gajiyayyen kwamfuresa wanda ba zai kai damina ba. Duk waɗannan ba abin da idon mai saye zai gani a tsaye a bakin kanti ba ne. Mai sayarwa ya sani, mai saye bai sani ba, wannan kuwa shi ne cinikin biri a sama.

To, me addini ya ce? Ba sai mun tsawaita ba, gama kowane almajiri da ya sauke Risala ya wuce babin ciniki. Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rubuta ta fiye da shekara dubu da suka wuce, ya jera algus da yaudara da ɓoye aibi cikin abubuwan da ba su halatta ba a ciniki. Ya kuma ba da ma'auni mai sauƙi: duk abin da in mai saye ya ji zai ƙi kayan, ko zai rage tayi, bai halatta a ɓoye masa shi ba. Wanda ya sayi abu ya tarar da tsohon aibi, zaɓi nasa ne, ko ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Malaman Malikiyya kuma sun bayyana cewa mai sayarwar da ya san aibi ya yi shiru, faɗinsa cewa ba ruwansa da abin da za a tarar daga baya ba ya kuɓutar da shi. Asalin wannan duka daga Annabi ne, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, wanda ya sa hannu cikin tsibin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi don bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba. Haka kuma ya hana a bar dabba ba tatsa don hantsarta ta cika a ruɗi mai saye, ya ba wanda aka ruɗa kwana uku ya mayar, ya haɗa da sa'i ɗaya na dabino a madadin nonon da ya tatsa. Ku duba, jama'a, ina bambancin ɗaure hantsar akuya da fesa wa mataccen inji fenti? 'Yan'uwanmu Kirista da ke kasuwanci a Sabon Gari su ma sun san littafin Karin Magana ya la'anci ma'aunin zamba. Ba addinin da ya ba ɗan kasuwa izinin ƙarya.

Al'adarmu ma ba ta san wannan doka ta ba a dawowa ba. Je ka karar Wudil ran Jumma'a ka ga yadda a ke cinikin sa. Dillali ba la'ada kaɗai ya ke ci ba, shi ne shaida, shi ne kuma lamuni. In daga baya aka ce dabbar ta sata ce, shi a ke nema ya fito da mai ita. Dillalin da aka san shi da rufa-rufa ba ya daɗewa a kara, domin mutuncinsa ne jarinsa. Kakanninmu da ba su san rasit ba sun san wanda ya sayar yana da sauran nauyi a kansa bayan kuɗi ya shiga aljihu.

Ra'ayin nan na cewa mai saye ya buɗe idonsa, in ya yi sake ta shafe shi, a cikin dokar ciniki ta Ingila ta 1893 ya ke, wadda Turawan mulki suka shigo da ita kotunanmu. Ko ita ɗin ma ta yi togaciya, ba ta sakar wa mai kanti mara gaba ɗaya ba. Abin mamaki kuwa, masu ita sun riga sun wuce wurin. A Ingila tun 2015 doka ta ba wanda ya sayi kaya a hannun ɗan kasuwa, sabo ko na hannu, kwana 30 ya mayar ya karɓi kuɗinsa cif in kayan na da aibi. A Amurka tun 1985 tilas ne dillalin tsofaffin motoci ya manna takarda a jikin motar da ya kasa, mai faɗin ko da garanti ko babu. Watau wayar nan da a ke kira 'yar Landan, da a Landan ka saye ta da kana da wata guda na mayarwa. Sai da ta ƙetare teku ta zo hannun talakan Kano sa'an nan za a ce ba a dawowa?

Mu ma muna da tamu dokar, ko da ya ke ba kowa ya taɓa jin labarinta ba. Ita ce dokar gasar kasuwanci da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a farkon 2019. Ita ta kafa hukumar da a ke kira FCCPC a gurbin tsohuwar majalisar kare masu saye. Ba manyan kamfanoni kaɗai ta shafa ba, ta hau kan duk mai sana'ar saye da sayarwa a ƙasar nan. Ga kaɗan daga abin da ke ciki, ku riƙe lambobin don ranar gardama. Sashe na 117 ya ce wanda zai sayar da kayan da aka yi amfani da shi, ko aka gyara, ko aka sake haɗawa, tilas ya sa masa sanarwa a fili inda kowa zai gani cewa haka ya ke. Sashe na 118 ya wajabta ba da takardar ciniki. Sashe na 122 ya ba mai saye ikon mayar da kaya ya karɓi kuɗinsa in ya faɗi aikin da ya ke so ya yi da shi amma kayan bai dace da aikin ba, ko kuwa in bai sami damar dubawa ba kafin a kawo masa sai ya ga ba abin da aka kwatanta masa ba ne. Sashe na 132 ya ba da wata uku: in kaya ya gaza a cikinsu saboda aibi, mai saye ya mayar, mai kanti kuwa ya gyara, ko ya musanya, ko ya biya. Sashe na 129 kuma ya hana a rubuta sharaɗin da zai soke haƙƙin da doka ta ba mai saye, nan ne Turancin ƙasan rasit ya ke faɗuwa. An ma gwada a kotu. A 2022 babbar kotun jihar Enugu ta yanke wa wani kamfanin motocin haya hukunci cewa ƙa'idarsa ta ba a mai da kuɗi ta saɓa wa wannan doka.

Doka ta yi kyau a takarda. Amma muna tambayar masu mulki, talaka nawa ne a Kurmi ko Kantin Kwari ya taɓa jin an karanta masa ita da Hausa? An rubuta ta da Turancin lauyoyi, babban ofishin hukumar yana Abuja, mai tura baro kuwa yana Ƙofar Wambai. Masu karɓar kuɗin rumfa da harajin kasuwa ba su taɓa ɓata hanya ba, kowace rumfa sun san ƙofarta. Ƙafar da ta iya zuwa karɓar haraji ta iya zuwa duba ko an sa wa tsohon kaya alama. Dokar da mai haƙƙi bai san da ita ba, mai ƙarfi kaɗai ta ke yi wa aiki.

Yanzu sai mu saurari 'yan kasuwa, gama su ma suna da ta cewa, kuma ba duka ba ne ƙarya. Na fari su kan ce, mu ma haka muka saya. Gaskiya ne. Mai gwanjo yana biyan kuɗin dila a ɗaure, bai san abin da ke ciki ba sai ya yanka igiya, in ya tarar da tsumma ba wanda zai kai wa kuka. Abin da ya ƙara dagula al'amarin, gwanjo yana cikin jerin kayan da kwastan ta hana shigowa da su, saboda haka ta bayan gida ya ke shigowa, yawanci ta Kwatano, kayan da ya shigo ta bayan gida kuwa ba ya zuwa da takardar da za a kai kotu. Haka mai waya ke sayen kwali guda a dunƙule, mai kyau da maras kyau. Mun ji wannan, amma wanda aka cuta ba a ba shi izinin ya cuci na ƙasa da shi ba. In ka buɗe dila ka ware na ɗaya da na biyu da na uku, ka sa wa kowanne kuɗinsa, kamar yadda masu gaskiya cikinku su ke yi tun dā. Maganin babban dila kuwa shi ne ƙungiya. Ɗan kasuwa ɗaya ba ya iya mai da mugun kaya, amma in layi guda ya haɗa kai ya ce ba ya ƙara saye wurin wanda ba ya karɓar kayansa in ya ɓaci, ko wane ne shi zai sauko.

Na biyu su kan ce masu saye ma ba waliyyai ba ne. Wannan ma gaskiya ne, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Akwai mai sayen kwat ya je biki da ita ya dawo ya ce ta yi masa kaɗan. Akwai wanda wayarsa za ta faɗa ruwa ya shanya ta ya zo yana rantsuwa haka ya saya. Irin waɗannan ba mu tsaya musu ba, shari'a ma ba ta tsaya musu ba, domin aibin da a ke mayar da kaya saboda shi shi ne wanda ya ke tun a hannun mai sayarwa. Har in kayan ya sami sabuwar ɓarna a hannun mai saye sa'an nan tsohon aibi ya bayyana, Risala ta ce ko ya riƙe a rage masa gwargwadon tsohon aibin, ko ya mayar ya biya ɓarnar da ya yi. Kowa an ba shi nasa. Abin da zai raba gardama tsakanin mai gaskiya da maƙaryaci shi ne rubutu. Ɗan kasuwar da ya rubuta a rasit cewa an sake gilashi, batir ya yi rauni, mai saye ya gani ya yarda, ya tsare kansa fiye da wanda ya buga hatimin ba a dawowa.

Ku kuma masu saye, rigakafi ya fi magani. Kada ku biya sai kun tambaya da baki, gaban shaida: an taɓa buɗe shi? Me aka sake? In ya mutu kwana nawa zan iya dawowa da shi? Abin da aka amsa a rubuta a rasit, da sunan kanti da kwanan wata da lambar kayan. In waya ce, ku danna *#06# lambarta mai alƙaluma 15 za ta fito, a rubuta ta, a kuma gwada da ta jikin kwali in akwai. In iPhone ce, kada ku bar kantin sai an cire asusun mai ita na dā a gabanku, in ba haka ba wata rana za ta kulle ta zama dutse, ku kuma duba lafiyar batir a cikin saitinta. In mota ce, lambar jikinta mai harufa da alƙaluma 17 ana iya bincika tarihinta da ita a intanet, a ga ko ta taɓa hatsari ko ruwa ya ci ta. In inji ne, ku je da makanikinku, kuɗin shayinsa bai kai kuɗin inji ba. Ku kuma yi hattara da arahar da ta wuce hankali, gama dokar laifuffuka ta Arewa tun 1960 ta sa karɓar kayan sata laifi ne, mutane da yawa kuwa sun kwana a caji ofis saboda wayar da suka saya a bakin titi ba takarda.

Ga abin da mu ke nema, kuma ba za mu daina faɗa ba sai an yi. Na fari, hukumar tarayya da ta jiha su fassara sassan nan na doka da Hausa, boko da ajami, a manna a ƙofar kowace babbar kasuwa, a kuma riƙa karantawa a rediyo. Na biyu, shugabannin ƙungiyoyin kasuwa su hana buga ba a dawowa a rasit, su fito da takarda iri ɗaya mai gurbin rubuta ko kaya sabo ne, ko na hannu, ko na kwaskwarima, da aibin da aka sani, da kwanakin gwaji. Na uku, kowace kasuwa ta zaɓi dattawa uku ko biyar, a ciki har da mai gyara wanda ya san aikin, su zauna rana ɗaya a mako su raba irin wannan rigima kyauta, kafin ta kai ga 'yan sanda inda mai saye da mai sayarwa duk su kan yi hasara. Na huɗu, wanda dattawa suka kama da ɓoye aibi har sau uku a karɓe masa katin ƙungiya. Ba ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kuɗi mai yawa, niyya kaɗai a ke nema.

'Yan'uwa 'yan kasuwa, ku za ku fi kowa cin ribar wannan. Yau mai saye yana shiga kasuwa da zargi, yana taya kayan kirki da kuɗin na banza, domin ba shi da hanyar rarrabewa. Ashe maƙaryaci ɗaya a layi yana rage wa masu gaskiya goma kuɗin kayansu. Ran da aka san cewa a layin wane in an ce ba a buɗe ba to ba a buɗe ba, in kuma ya mutu ana karɓa, ran nan ciniki zai koma can. Ƙarya fure ta ke ba ta 'ya'ya.

Tela dai mun rubuta masa takarda zuwa ga shugaban layin da ya yi sayayya, mun haɗa da shaidar mai gyara da lambobin sassan doka. In an ba shi haƙƙinsa, falillahil hamdu. In an ƙi, ga kotun alƙali, ga kuma kotunan ƙananan ƙararraki da Kano ta buɗe a 2019, inda mutum zai iya tsayawa da kansa ba sai da lauya ba, za mu kuwa raka shi. Duk wanda ke da irin wannan rasit a aljihu kada ya yaga, ya kawo a karanta masa. Allah ya ba mu ikon faɗin gaskiya ko da za ta rage mana riba. Amin.